Abin da Fasahar Masana'anta Mai Basira Ta Canja a Manhajar Kula da Sarrafa Kaya

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni ne manajan sashen sarrafa kaya a wani kamfanin roba da ke Sharaɗa a nan Kano, muna yin bokiti da buta da kujeru. Har yau da takarda da Excel muke tsara aiki. Kwanan nan masu sayar da manhaja suka zo mana da maganar "masana'anta mai basira", suna cewa zamanin tsarinmu ya wuce. Mene ne ainihin abin da ya canja, kuma shin ya dace da kamfani irin namu?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, na ji daɗin wannan tambaya, domin na shafe shekaru ina aikin haɗa na'urorin sarrafa inji a masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa, kuma na ga kuɗi masu yawa sun salwanta saboda an sayi manhaja kafin a yi irin tambayar da ka yi. Abin da ya canja a asali shi ne wurin da manhaja take samun labarinta da kuma lokacin da labarin yake isa gare ta. A da mutum ne yake faɗa mata abin da ya faru bayan ya riga ya faru. Yanzu injin ne da kansa yake faɗa mata abin da ke faruwa a daidai lokacin da yake faruwa. Duk sauran abubuwan da masu talla suke jerawa daga nan suka tsiro.

Domin ka gane nauyin wannan canji, sai mun ɗan koma baya. Manhajar tsara sarrafa kaya ta fara ne a Amurka a shekarun 1960 da tsarin da ake kira MRP, wanda Joseph Orlicky na kamfanin IBM yake cikin waɗanda suka kafa tushensa. Aikinsa lissafi ne zalla: idan ana son kujeru dubu goma a ƙarshen wata, buhu nawa na ƙwayar roba ake buƙata, kala nawa, kuma yaushe za a yi odarsu. Daga baya aka faɗaɗa shi ya haɗa da kuɗi da ciniki da sito da albashi, har kamfanin nazari na Gartner ya raɗa masa suna ERP a 1990. Amma wannan manhaja ta ofis ce, ba ta san ƙarar inji ba. A can ƙasa kuma, tun ƙarshen shekarun 1960, an ƙirƙiro ƙaramar kwamfutar da ake kira PLC, wadda take buɗe bawul, ta kunna hita, ta rufe mol, wato ƙarfen da ake zuba narkakkiyar roba a ciki ta ɗauki siffar kaya, ita kuwa ba ta san komai game da odar kwastoma ba. Gibin da ke tsakanin waɗannan biyun shi ya haifar da MES a farkon shekarun 1990, wato manhajar da take karɓar oda daga ofis, ta raba ta ga injuna da ma'aikata, ta rubuta abin da aka yi, ta mayar da rahoto sama. Ita ce ake nufi idan aka ce manhajar kula da sarrafa kaya.

A shekarar 2000 aka fara fitar da ƙa'idar ISA-95, wadda ta jera waɗannan abubuwa hawa-hawa: inji da na'urorin aunawa a ƙasa, PLC da allon lura a samansu, MES a tsakiya, ERP a can ƙololuwa. Duk wanda ya tashi a Kano zai gane wannan tsari da sauri, domin tamkar masarauta ne. Mai unguwa yana kai magana ga dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai fada. Tsari ne mai kyau wanda ya hana ruɗani, kowa ya san wanda zai yi wa magana. Illarsa ita ce labari yana daɗewa a hanya, kuma a kowane hawa ana taƙaita shi. Injinka ya tsaya sau goma sha biyu a aikin dare, kowace tsayuwa da dalilinta, amma abin da zai isa teburinka da safe shi ne layi ɗaya a takarda: an yi bokiti kaza, an samu matsalar wuta. Ba lallai ne wani ya yi maka ƙarya ba. Mutumin da yake tsaye kan inji yana cire kaya yana yanke musu baki ba shi da sararin rubuta tsayuwar minti uku.

Kalmar da masu tallan suka zo maka da ita ta samo ƙarfinta ne daga Jamus, inda aka gabatar da shirin Industrie 4.0 a baje kolin masana'antu na birnin Hanoba a 2011. Sai dai abubuwan da suka sa ta yiwu sun fi sunan muhimmanci. Ƙananan na'urorin da suke auna zafi da girgiza da ƙarfin wutar da inji yake ja, waɗanda muke kira sansa, sun yi arha ƙwarai. Kwamfutar da za ta iya aikin da a da sai babbar saba, wato kwamfutar da take ajiye bayanai tana yi wa sauran kwamfutoci hidima, yanzu tana shiga cikin akwatin wuta kusa da inji. Mafi girma a wurina shi ne samun yaren da injunan kamfanoni daban-daban suka yarda su yi magana da shi. A da, injin Jamus da na Sin da na Indiya kowanne da yarensa, kuma haɗa su aiki ne na watanni. Yanzu akwai OPC UA, wanda ba lamba kawai yake aikawa ba, har da bayanin ko lambar mece ce, sannan akwai MQTT, wanda aka ƙirƙira a 1999 domin lura da bututun mai ta tauraron ɗan'adam, wato tun asali an yi shi ne saboda layin sadarwa mai rauni mai yankewa. Wannan sifa ta ƙarshe ta sa yake dacewa da yanayinmu fiye da yadda mutane suke zato.

Da waɗannan kayan aiki, tsarin hawa-hawa ya fara sassautawa. Maimakon kowane labari ya bi ta hannun wanda ke sama, sai ya zama kamar shela: inji yana sanar da halin da yake ciki a wuri guda, duk manhajar da take da buƙata sai ta saurara. Mai gyara yana sauraron zafi da girgiza, mai tsara aiki yana sauraron adadin da aka fitar, akanta yana sauraron wutar da aka ci, kuma dukkansu daga majiya ɗaya. Saboda haka ne ita kanta MES ta sauya kama. A da ƙatuwar manhaja ce guda da ake shekara ana girkawa. Yanzu da yawa ana sayar da ita guntu-guntu, ka fara da sashen ƙirga tsayuwar inji, in ya yi maka ka ƙara na inganci ko na gyara. Manyan kamfanonin sun bi wannan hanya: Siemens yana da Opcenter, SAP yana da tasa da ke aiki ta intanet, Rockwell kuma ya sayi Plex a 2021 kan fiye da dala biliyan 2 domin ya samu irin wannan manhaja.

Bari in sauko kan injunanka, domin gani ya kori ji. Akwai ma'aunin da Seiichi Nakajima na Japan ya yaɗa, ana kiransa OEE, wanda yake haɗa abu uku: lokacin da inji ya yi yana aiki, saurin da ya yi aikin, da adadin kayan da suka fita lafiya. Ɗauki misali da aikin dare na awa 8, wato minti 480. Idan ɗaukewar wuta da canjin mol da jiran kaya suka cinye minti 120, saura kashi 75 cikin ɗari. Idan a sauran lokacin injin ya yi gudu da kashi 80 na saurin da aka tsara masa, sannan kashi 95 na bokitan ne suka fita ba tare da aibi ba, to idan ka ninka ukun za ka samu kashi 57 kacal. Nakajima ya ɗauki kashi 85 a matsayin matakin ƙwararrun masana'antu. Abin da nake so ka lura da shi shi ne, a takarda wannan dare zai iya bayyana a matsayin dare mai kyau, tun da ba a samu wata babbar lalacewa ba. Kusan rabin ƙarfin injin ya tafi, ba kuma wanda ya gan shi yana tafiya.

Ɓangaren sauri shi ne wanda takarda ba ta taɓa kamawa. Mol ɗin da ya kamata ya buɗe duk daƙiƙa 30 yana ba da bokiti 120 a awa. Idan ya koma daƙiƙa 36, sai ya ba da 100. Ido ba ya ganin daƙiƙa shida, amma sansa tana gani. Idan kuma manhajar tana karɓar zafin ruwan sanyaya mol a lokaci guda, za ka iya ganin cewa jinkirin yana farawa ne da rana tsaka a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40, injin sanyaya ruwa ya gaza, mai aiki kuma ya ƙara lokacin sanyi don kada bokiti ya lanƙwashe. Mai aikin ya yi daidai. Gyaran yana wurin injin sanyaya ruwa, ko wurin ƙurar hunturu da ta toshe shi tun watan Janairu ba a wanke ba. Irin wannan haɗa dalili da sakamako shi ne abin da sabuwar manhaja take yi wanda tsohuwa ba ta iyawa.

Canji na biyu mai nauyi yana wurin tsara aiki. Tsohon lissafin MRP yana ɗauka cewa ƙarfin masana'anta ba shi da iyaka: zai gaya maka ka yi kujeru dubu biyar ranar Talata ba tare da ya tambayi ko injin da mol ɗin kujera yake hawa yana da sarari ba. Shi ya sa kowane manaja yake da Excel ɗinsa a gefe, inda ainihin tsarin yake. Manhajar tsarawa ta yanzu tana sanin wane mol ne yake hawa wane inji, awa nawa canjinsa yake ci, da kuma cewa tashi daga farar roba zuwa baƙa ya fi sauƙi a kan dawowa daga baƙa zuwa fara, saboda wankin bututun inji da asarar kayan da ake yi. Tun da kuma tana jin halin injuna kai tsaye, idan ɗaya ya tsaya da ƙarfe goma na safe za ta sake jera ayyukan nan take, ta nuna maka odar wane dila ce za ta makara. A kasuwa irin tamu, inda buƙatar buta da bokiti take tashi gab da azumi da Sallah, kuma dilolin da suke kai kaya Nijar da Chadi ba sa son motarsu ta kwana tana jira, sanin haka tun da hantsi yana da daraja. Amma ina jan hankalinka: kada ka bar manhaja ta riƙa sauya tsari ita kaɗai duk bayan minti goma, domin ma'aikata za su rikice su daina bin ta. Ta kawo shawara, mutum ya amince.

Akwai wani abu da ƙasidun masu talla, waɗanda aka rubuta saboda Turai, ba sa ba shi girman da ya kamata, shi ne wuta. A wurinsu wuta abu ce da take nan kullum. A wurinmu ita ce take yanke hukunci. Tun da hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga farashin rukunin Band A, wato masu samun wuta awanni mafi yawa a rana, zuwa naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, ga kuma tsadar dizal, kuɗin wuta ya zama abin da zai iya cinye ribar bokiti gaba ɗaya. Manhajar da ta dace da Kano dole ta san ko a kan layin KEDCO ake ko a kan janareta, ta raba wutar da aka ci ga kowace oda, ta kuma rubuta asarar da take biyo bayan kowace ɗaukewa: robar da ta yi sanyi a cikin bututu, lokacin sake ɗumama ta, da kayan farko da ake zubarwa. Idan ka samu waɗannan alƙaluma na wata uku, za ka iya yanke shawara da hujja a kan waɗanne injuna ne suka cancanci a ɗora wa janareta, da waɗanda ya fi riba a bar su su jira. A ganina, mitar wuta a kan kowane babban inji ta fi kowane allo mai ƙyalli saurin mayar maka da kuɗinka.

Game da ƙirƙirarriyar basira da hasashen lalacewar inji, maganar gaskiya ce amma ana gaggawa da ita. Tabbas boris da ya fara cinyewa yana canja yadda yake girgiza makonni kafin ya fashe, famfon mai da ya gaji yana ƙara jan wuta, kuma manhaja tana iya gano haka ta buɗe takardar gyara da kanta. Kyamara ma tana iya gane bokitin da bai cika ba da sauri fiye da idon da ya gaji. Sai dai duk wannan koyo ne daga tarihi, kuma masana'antar da ba ta taɓa rubuta dalilin tsayuwar injinta ba, ba ta da tarihin da za a koya daga gare shi. Haka ma abin da suke kira tagwayen dijital, wato kwafin masana'antar a cikin kwamfuta da ake gwada tsari a kansa kafin a aiwatar. Yana da amfani ga mai haɗa motoci, amma kai ba yanzu ba.

Sai batun inda manhajar za ta zauna. Da yawa yanzu suna zaune ne a manyan rumbunan kwamfuta na intanet, ana biyan kuɗin haya duk wata ko duk shekara. Amfaninsa shi ne ba ka sayen saba, kuma maigida zai iya duba aiki a wayarsa ko yana Makka. Haɗarinsa biyu ne. Na farko kuɗin da dala ake lissafa shi, kuma mun ga yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Duk wanda ya sa hannu a irin wannan yarjejeniya kafin lokacin ya ji a jikinsa. Na biyu, idan intanet ta yanke, kada aiki ya tsaya. Shawarata ita ce a ajiye ƙaramar kwamfuta a cikin masana'anta, da batirinta, wadda za ta ci gaba da tattara bayanai da nuna wa ma'aikata aikinsu ko babu layi, in layi ya dawo ta aika abin da ta tara. Akwai kuma manhajoji irin su ERPNext da Odoo da Node-RED da suke da nau'in da ake samu kyauta, waɗanda matasanmu da suka fito daga Jami'ar Bayero da ta Wudil da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano za su iya girkawa su kuma kula da su, idan aka ba su dama da horo.

Ba zan wuce batun tsaro ba, domin ranar da ka haɗa inji da intanet ka buɗe masa ƙofar da ba shi da ita a da. Tsohon yaren Modbus, wanda aka fitar a 1979 kuma har yau yake cikin injuna masu yawa, ba ya tambayar kalmar sirri. Duk wanda ya isa gare shi zai iya ba shi umarni. A watan Maris na 2019 masu kutse suka kulle kwamfutocin kamfanin alminiyom na Norsk Hydro a Norwe, har wasu masana'antunsa suka koma aiki da hannu da takarda. Mu a nan, hanyar da na fi ganin haɗari ita ce filashin da ake sokawa a kwamfutar inji, da kuma ƙofar nesa, wato hanyar shiga kwamfutar inji ta intanet, da ake bar wa injiniyan ƙasar waje a buɗe bayan ya gama gyara. A raba layin injuna da na ofis, a rufe ƙofar nesa sai lokacin buƙata, a kuma ajiye kwafin shirin kowace PLC a wuri na daban.

Abin da ya fi kashe irin wannan aiki kuwa ba na'ura ba ne. Na taɓa girka tsarin ƙirga tsayuwa a wani kamfani a nan garin, ya yi aiki lafiya har mako shida. Sai hukumar kamfanin ta fara amfani da alƙaluman tana yanke wa masu aikin dare kuɗi. Cikin kwana kaɗan kowace tsayuwa ta koma "matsalar wuta", ko da wuta ba ta ƙifta ba, daga baya ma muka tarar an cire wayar wata sansa. Abin ya dame ni ƙwarai, domin mutanen nan su ne suka taimaka mana muka gano inda za a maƙala na'urorin. Inji yana iya faɗin cewa ya tsaya, amma dalilin tsayuwar a bakin mai aikin yake, kuma ba zai faɗa ba idan ya san da shi za a kama shi. Ka fara nuna wa ma'aikatanka cewa alƙaluman sun sa an gyara abin da suka daɗe suna kuka a kansa. Allon da za su danna kuma a rubuta shi da Hausa, da dalilai shida ko bakwai kawai da hotuna, ba jerin abubuwa arba'in da Turanci ba.

To, ya dace da kamfani irin naku? Ya dace, amma ba ta ƙofar da masu tallan suke so ka shiga ba. Ba sai ka canja tsofaffin injunanka ba: sansa ɗaya da take ƙirga buɗewar mol, da wata da ake maƙalawa a wayar wuta, sun isa su gaya maka ko inji yana aiki da kuma saurinsa, ko da ya shekara ashirin. Ka zaɓi injuna biyu ko uku waɗanda suka fi riƙe maka aiki, ka auna su wata uku, ka riƙa zama da shugaban masu gyara da shugabannin aiki kowace safiya minti goma a gaban alƙaluman jiya. A wannan tsakani ka gyara bayanan tushe, wato nauyin kowane kaya na gaskiya, lokacin kowane mol, da yawan robar da aka sake niƙawa da ake haɗawa, domin manhajar tsarawa da aka ɗora a kan lambobin da ba daidai ba za ta ba ka tsarin da ba zai yiwu ba. Excel ɗinka ma kada ka yi saurin jefar da shi. Ilimin da ke cikinsa shi za a juye cikin sabuwar manhajar.

Idan masu tallan suka dawo, ka nemi su haɗa injinka guda ɗaya, mafi tsufa, su nuna maka bayanansa a allo kafin a yi maganar farashi. Ka tambaye su abin da zai faru idan intanet ta yanke kwana biyu, da kuɗin wace ƙasa za a riƙa biya, da kuma wanda zai zo Sharaɗa idan abu ya lalace ranar Asabar da dare. Sannan ka sa a rubuta a cikin yarjejeniya cewa bayanan masana'antar naku ne, kuma duk ranar da kuka rabu za a miƙa muku su cikakku a tsarin da wata manhaja za ta iya karantawa.